Katifar Siwema

Ranar da katifar ta shigo gidanmu na unguwar Tandale a kan wani ɗan dako, babu wanda bai leƙo ba. Gidan haya ne, ɗakuna suna kallon juna, doguwar baranda a tsakiya, ga shi babu sili, bango bai kai kwano ba. In maƙwabci ya yi atishawa, daga kan gadonka za ka yi masa addu'a. Ni da na zauna a gidajen haya fiye da waɗanda dillalan birnin Dar es Salaam suka taɓa leƙawa, masu gida suka sha yin waje da kayana, na kuma raka yawancinsu maƙabarta ina nan daram, ban taɓa ganin katifa ta hana gida zaman lafiya kamar wannan ba.

Mwajabu, wadda muke kira Maman Pazi, tana tsugune gaban murhun gawayi tana tuƙa tuwon masara. Ta bi katifar da ido har tuwon ya fara kamawa. Sabuwa dal, mai kauri, shuɗiya da fararen furanni, tana ƙyalli a cikin ledarta. A bayan katifar ga ƙanwar Mwajabu, Siwema, tana ta murmushi.

"Ta wace ce wannan kuma?"

"Tawa ce, Yaya. Ɗaki zan nema. Ai kin san katifa ake fara saye."

"Ɗaki?" Mwajabu ta yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. "To sannu, uwar gida. Mu da muke korar ki ai ba mu sani ba."

"Haba Yaya, wa ya ce kora? Girma ne ya zo."

Aka jingine katifar a bangon ɗakin Mwajabu, don babu wani wurin. Tun daga ranar, duk sanda ta wuce sai ta danna ta da babban yatsa, ta tsaya tana kallon yadda wurin ke tasowa ya koma daidai. Tata katifar ta ranar aure ce. 'Ya'ya huɗu sun yi fitsari a kanta, tsakiyarta ta zama kwari, in mijinta Shomari ya juya sai ya gangaro mata. Daga ɗakin ubanta a Kisarawe ta faɗo ɗakin miji, ba ta taɓa kwana a inda za ta ce nan nata ne ita kaɗai ba. Makullin kwaɗon ɗakinsu ma ɗaya ne, yana rataye a ƙugun Shomari. Yanzu kuma yarinyar da ta goya, ta share wa majina, ita ce za ta rufe ƙofa ta saka makulli a jaka?

Siwema ce mai ɗebo ruwa kafin ta tafi shagon ɗinki a Kariakoo. Ita ce mai wanke kayan makarantar yara, kuma in juyin sharar baranda da wankin banɗaki ya zo kan ɗakinsu, ita ce dai. Kwananta a tabarma ne, tsakanin ƙafafun yara. Amma in ka tambayi Mwajabu, sai ta dafe ƙirji.

"Ni ba aikin nake ji ba, Allah ya gani. Yarinya ce. Garin nan kura ne, cinye ta zai yi."

Dillalin da Siwema ta samu sunansa Kondo, wani siririn mutum mai bakin da ba ya hutawa. Ya kai ta Mwananyamala ya nuna mata ɗaki, ta dawo tana rawar ƙafa. Sai dai mai gidan, wata dattijuwa, ta ce ba ta ba budurwa ɗaki sai ta ga babbanta. Saboda haka ranar Lahadi Mwajabu ta ɗaura zanen kanga mai kyau suka tafi.

"Yaya babba, shigo ki gani," in ji Kondo. "Ɗakin nan ko amarya ta gan shi sai ta ce ango ya koma gidan uwarsa."

Mwajabu ta shiga. Akwai sili, fari tas. Taga tana kallon itacen mangwaro, iska na shigowa kamar an aike ta. Ga famfo a tsakar gida, babu ɗaukar bokiti. Ƙofar kuma ba ta kwaɗo ba ce, irin wadda ake murɗa makulli ce ta ce ƙyas. Shekarunta nawa a garin nan, ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin sili ba.

Siwema ta zaro tef ɗinta na tela tana auna taga don labule. Dattijuwar ta ja Mwajabu gefe.

"'Yata, ki gaya min tsakani da Allah, yaya halinta?"

"Ai Mama, ba ta da matsala ko kaɗan. Farin jini ne kawai Allah ya ba ta. Mu har mun saba da sallama, samarin nan masu babur ba sa gajiya. Amma wallahi ba laifinta ba ne."

Dattijuwar ta ce, "Uhm."

Washegari Kondo ya kawo labari cewa wani ɗan ɗan'uwan mai gidan zai zo daga Morogoro, an ba shi ɗakin. Siwema ta zauna a bakin baranda da ƙyallen labulen da ta riga ta yanka. Mwajabu ta dafa ta.

"Ba rabonki ba ne. Dama tsohuwar nan ban yarda da idonta ba."

Na biyu a Magomeni ne, gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, inda 'yan haya ke haɗa kuɗin wuta a mita ɗaya. A nan Mwajabu ba ta ce komai a kan samari ba. Ta dai tambaya, da murya mai ladabi, ko wayar gidan za ta iya ɗaukar keken ɗinki na lantarki da dutsen guga, tunda tela ba ta rabuwa da guga. Siwema ba ta da keke, ba ta da dutsen guga. Amma matan gidan da ke jin su ta bayan labule sun riga sun ji, kafin la'asar suka ce wa mai gida ko su ko ita.

Haka aka yi ta yi. Kowace Lahadi Siwema ta biya Kondo kuɗin ƙafa, su sha rana, ta dawo da ƙura har gwiwa. Takalminta ya tsinke, ta ɗinke, ya sake tsinkewa. Ta rame, wuya ya fito. Kondo ma ya fara yi mata wani irin kallo.

"'Yar'uwa, ko dai ki je a duba ki? Ni ban taɓa ganin ɗaki yana gudun mutum haka ba."

A gida kuma aiki ya ƙaru. "Tunda kina da ƙarfin zaga gari," in ji Mwajabu, "ga wankin Baban Pazi nan, ki haɗa." Yara suka mai da katifar filin tsalle, ledar ta yage a kusurwa. In Siwema ta yi magana, sai a ce, "To ki kai ta ɗakinki mana." Da azahar kuma, in gida ya yi shiru, Shomari na kan aikinsa na gyaran taya, yara na makaranta, Mwajabu takan tura ƙofa, ta kwantar da katifar ƙasa, ta miƙe a kai. Kada a tambaye ni yadda na sani. Leda ba ta iya ɓoye sirri a gidan da ba sili.

Ana cikin zafin nan na gab da damina, wanda kwano ke ƙara kamar zai tsage, Kondo ya zo da sabon labari. Ɗaki a kwari, bayan Kigogo. Araha, kuma mai gidan ba ya zaune a ciki, ba ruwansa da budurwa ko bazawara, in dai za a ba shi kuɗin wata shida a dunƙule.

"Wannan ba ya neman babba, Yaya," in ji Siwema, "amma ki zo ki gani. Idonki ya fi nawa."

Suka sauka daga daladala, motar hayar garin, suka fara gangara. Tun daga gangaren Mwajabu ta fara dube-dube. Ta san irin hanyar nan. Ɗakinsu na farko da Shomari a kwari yake, can ta ɗaya gefen rafin, kuma a can ruwa ya cinye akwatin aurenta tun Siwema na ƙauye tana wasan ƙasa. Ta ga buhunan yashi da suka fashe a gindin katanga. Ta ga dokin ƙofar kowane ɗaki an ɗaga shi da bulo. Ta hango gadon wata maƙwabciya an ɗora ƙafafunsa a kan duwatsu. Siwema ba ta ga ko ɗaya ba, idonta na kan fenti.

Fenti kam an sha shi. Ciki da waje shuɗi, sabo, har yana wari.

"Kalar katifata!" in ji Siwema, ta tafa hannu.

"Kin gani?" in ji Kondo. "Allah ne ya haɗa. Mai gidan nan ɗan gayu ne, duk shekara sai ya yi fenti."

Duk wanda ya ci wuya a Dar ya san mai fenti malalaci ne. Yakan tura ƙofa ta manne da bango, ya shafe inda ido ke gani, ya karɓi kuɗinsa. Bayan ƙofa ne ke faɗin gaskiyar ɗaki. Siwema na can tana auna inda katifa za ta zauna, Kondo na waje yana amsa waya, sai Mwajabu ta ɗan janyo ƙofar ta leƙa. Ga shi nan, layin laka busasshe, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare, daidai ƙirjinta.

Ta mayar da ƙofar ta manne da bango, ta jingina bayanta a kai.

"Yaya, bari in gwada rufewa in ga makullin."

"Bar ta a buɗe, zafi zai kashe ni. Makulli ai makulli ne."

Siwema ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta haɗa hannuwa kamar mai roƙo. "To me kika gani? In kin ce a'a, na haƙura. Wallahi na gaji, amma na haƙura."

Maganar tana bakin Mwajabu, kalma biyu ce kawai. Amma sai ta tuna sili da famfo, ta tuna yadda yarinyar nan ta kusa samun su. Ta ce a ranta, ai ba kowace shekara ruwa ke zuwa ba. Ko ya zo ma, ɗan tsoro zai ba ta, ta tattaro ta dawo inda aka san darajarta. Ni da na sha nawa, mutuwa na yi?

"Kama," in ji ta. "Ɗaki ya yi."

Siwema ta rungume ta har da hawaye. Bayan Mwajabu bai rabu da ƙofar ba sai da suka fito.

Da yamma Shomari na cin tuwo da ƙananan kifi a baranda, ya ji an ce kwari, ya ɗaga kai.

"Kwari kuma? Maman Pazi, kin duba bayan ƙofa?"

"Na duba."

"Lafiya?"

"Lafiya lau."

"To shi ke nan." Ya ci gaba da lomarsa. Shi abin da ya dame shi wa zai riƙa goge masa riga.

Ranar tashi aka kira mai amalanke. Katifa, bokiti biyu, murhu, tukwane, akwatin kaya. Ana ɗaure igiya Mwajabu ta ce, "Ƙanwata, ki bar min ledar nan mana. Autana ya ƙi daina fitsarin kwance." Siwema ta zare ledar da hannunta, ta ninke ta miƙa mata, tana cewa ai wannan ba abin roƙo ba ne. Katifar ta tafi kwari tsirara.

Makonnin farko Siwema ta yi kyau. Kumatu suka dawo. Mwajabu ta kai mata ziyara, ta tarar da labule a taga, tabarma sabuwa, kofuna a jere. Siwema ta dafa shayi da citta ta zuba mata, ta ce, "Yaya, sha, a ɗakina kike." Makullin na rataye a wuyanta da wani jan zare, duk sanda ta sunkuya sai ya yi lilo. Mwajabu ba ta ji ɗanɗanon shayin ba. A hanyar komawa, tana hawan gangaren, ta kama kanta tana duban sama ko akwai hadari. Ta yi a'uziyya. Da ta kai titi ta sake dubawa.

Ruwan ya zo da rana tsaka, ranar aiki, Siwema na shago. Tun safe ake ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, rafin ya cika ya tumbatsa, kafin azahar kwari ya zama kogi. Mutane suka hau kwano da yaransu. Siwema ba ta samu gangarawa ɗakinta ba sai washegari, da ruwa ya janye.

Mwajabu ta ji labari, ta ninke busasshen zane ta saka a jaka, ta shirya maganar da za ta faɗa: komai ya wuce, tabarmarki na nan, ba wanda zai yi miki gori. Ta ja Shomari suka tafi. Zuciyarta wasai, har ta ji kunyar hakan, ta ɗaure fuska.

Suka tarar da Siwema tana kwashe laka da murfin tukunya. Bokitai sun tafi, murhu ya tafi, akwati ya buɗe kayan sun zama taɓo. Katifar na kwance a ƙofar ɗaki, ta kumbura ta yi baƙi kamar mushen saniya, tana tsiyayar ruwan kwata. Maza biyu ne suka iya jawo ta waje.

"Wayyo ƙanwata!" in ji Mwajabu. "Ƙaddara ce, sai haƙuri. Taso mu tafi gida."

Shomari ya shiga yana taka laka, yana kallon yadda sabon fentin ya kwaile. "Kai! Har wuya fa ya kai. Ikon Allah. To amma Maman Pazi, ba kin ce kin duba bayan ƙofa ba?"

Murfin tukunyar ya tsaya a hannun Siwema. "Bayan ƙofa? Me ake dubawa a bayan ƙofa?"

"Alamar ruwa mana. Ai mai fenti ba ya kaiwa can. Yayarki ta fi kowa sani, mu da kwari ya taɓa yi wa tsirara." Yana faɗa yana jan ƙofar.

Layi biyu ne a bangon. Na sama ɗanye, na jiya. Na ƙasa da shi kaɗan kuwa tsoho ne, ya kama siminti ya zauna, ruwan jiya ma bai goge shi ba.

Siwema ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta juyo.

"Ranar nan kika ce zafi zai kashe ki."

"To da ba a zafi? Ke ma kin san..."

"Kika jingina a nan har muka fita."

"Duhu ne bayan ƙofar, ni na ɗauka datti ne. Kuma ke kika nace, kullum ɗaki, kullum ɗaki, kamar muna cizon ki. Na ce a'a ki ce baƙin ciki nake."

"Tsohuwar Mwananyamala fa? Me kika ce mata ina awon taga?"

Shomari ya sosa ƙeya ya fita waje, wai zai duba ko katifar za ta gyaru.

"Ki bar tone-tone," in ji Mwajabu, muryarta ta yi ƙasa. "Damina yanzu ta fara. Zai dawo. Ki zo mu tafi, ni da ke uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

"Na san zai dawo. Amma shi ya nuna min iya inda yake kaiwa, ga shi nan a bango." Siwema ta goge hannu a zaninta. "Ke kuma ban san naki ba, Yaya. Ku gaida yara."

Ta tsaya riƙe da ƙofar har Mwajabu ta tsallaka dokin ƙofa da jakarta, busasshen zanen na ciki ba a ciro ba. Sannan ta tura. Daga waje suka ji makulli ya juya, ƙyas.

Kuma ya dawo ɗin, ba sau ɗaya ba. Mai gida ya ce kuɗin da aka biya ya shiga, ruwa kuma ba shi ya aiko shi ba. Kondo ya ce shi ɗaki aka ce ya nemo, ba a ce ya tsare sama ba. Siwema ta samo tsohon teburin yankan yadi daga shagonsu ta ɗora a kan bulo, a kai take kwana, kayanta a rataye jikin azara. Tsakanin yatsun ƙafarta ya tsage saboda jiƙa. Sauro ya ba ta zazzaɓi, ta tashi, ya sake kayar da ita, har mai shago ya ɗauki wata a madadinta na ɗan lokaci. Katifar ta yayyanka ta da wuƙa, ta shanya abin da ya shanyu, ta fitar da ɗan guntun da bai fi matashi ba. Na gan ta a tashar mota cikin kwanakin nan, sai da ta gaishe ni na gane ta. Jan zaren nan dai yana wuyanta.

In an yi zancen 'yan haya, kowa dillali yake zagi da mai gida, kuma sun cancanta, ni na fi kowa sanin su. Amma dillali baƙo ne, mai gida baƙo ne, cin ka sana'arsu ce. Ba su suka goya Siwema ba, ba su ta ce wa idonku ya fi nawa ba.

A gidanmu yanzu Mwajabu ce ke ɗebo ruwa, ita ke wanke banɗaki in juyi ya zo. In mata suka tambaye ta ƙanwarta, takan taɓe baki. "Taurin kai. Na je har can da ƙafata na roƙe ta, ta rufe min ƙofa. Ka yi wa ɗan yau alheri ka ga sakayya." Sai kuma ta ƙara da wata murya daban, "Har da murɗa makulli fa. Ita da ɗakinta."

Ledar tana nan. Ta shimfiɗa ta a kan tsohuwar katifarta, kuma wallahi tana aiki, ko ɗigo ba ya ratsa ta.